Yadda Ake Ƙara wa Ƙaramar Laptop RAM Fiye da Abin da Kamfani Ya Ƙayyade

Ƙananan laptop ɗin nan masu fuska inci 9 zuwa 11, waɗanda Turawa suka raɗa wa suna netbook, mu kuma muke ce musu "mini", an daina yayinsu tun wajen 2012. Amma har gobe suna hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu, suna kuma shigowa cikin kayan gwanjo. Kukan kowa da su ɗaya ne: nauyi. Ka buɗe burauza, ka ƙara shafi biyu, sai na'ura ta tsaya tana tunani. Yawancinsu da RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke riƙe aikin da take yi a ciki, gigabait 1 suka zo, kuma idan ka duba takardarsu sai ka ga an rubuta iyakarta ke nan, ko kuma 2.

Wannan iyakar da aka rubuta ba koyaushe take gaskiya ba. Akwai iyaka iri uku a kan RAM ɗin kowace mini: wadda kamfani ya rubuta a takarda, wadda Windows ɗin da ke ciki ya gindaya, da wadda aka gina a cikin ƙarfen na'urar. Biyun farko ana tsallake su. Ta ukun kuwa babu wayon da ke ɗaga ta. Aikin duka shi ne ka gane wacce ce ta tare ka kafin ka fitar da kuɗi.

Daga ina iyakar takarda ta fito?

Asus ce ta buɗe wannan kasuwa a 2007 da Eee PC 701, wadda ta zo da Linux, wani tsarin da ba Windows ba. Da Microsoft ta ga ƙananan kwamfutoci masu araha suna neman tafiya ba da ita ba, sai ta riƙa sayar wa kamfanoni lasisin Windows XP Home da rahusa, bisa sharaɗin kada RAM ɗin na'urar ya wuce gigabait 1. Da Windows 7 Starter ya fito a 2009 aka ci gaba da irin wannan sharaɗi. Shi ya sa Acer da HP da Samsung da Dell da sauransu duk suka yi ta fitar da mini mai gigabait 1, kamar sun haɗa baki. Ciniki ne ya tsayar da lambar, ba injiniya ba. Wani lokacin kuma kamfani yana rubuta girman RAM ɗin da ya gwada lokacin da ya ƙera na'urar, alhali manyan da suka fi shi ba su yawaita a kasuwa ba tukuna. Dell Mini 9 misali ce mai kyau: yawanci da gigabait 1 ko ƙasa da haka kamfanin ya sayar da ita, amma tana karɓar 2 lafiya lau.

Mataki na farko: san furosesan da ke ciki

Sunan da ke bayan murfi bai wadatar ba, domin samfuri ɗaya yakan fito da furosesa, wato injin da ke yi wa na'ura lissafi, iri biyu ko uku. Juya na'urar ka karanta cikakkiyar lambar samfurin a takardar da ke manne a ƙasa, wani lokaci tana ƙarƙashin batir. Sannan ka kunna ta, ka danna maɓallin Windows tare da Pause, shafin da zai buɗe zai nuna sunan furosesa da yawan RAM da kuma irin Windows ɗin. Wanda ya fi wannan shi ne ka sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Shafinta na Memory zai gaya maka ko DDR2 ne ko DDR3, shafin SPD kuma zai nuna abin da ke zaune a cikin gurbi, da girmansa da saurinsa. Mai amfani da Linux ya rubuta sudo dmidecode -t memory.

A nan akwai tarko. Umarnin dmidecode, da takwaransa na Windows wato wmic memphysical get maxcapacity, sukan nuna wata lamba a matsayin iyakar RAM. Lambar nan abin da kamfani ya rubuta ne a cikin BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows, tana iya zama ƙasa da gaskiya, tana iya wuce ta. Kada ka yi ciniki a kanta. Idan furosesan na Intel ne, ka nemi lambarsa a shafin ark.intel.com, can ne za ka ga abin da su masu ƙera shi suka ce yana ɗauka.

Ga yadda abin yake ga waɗanda aka fi gani. Furosesan Intel Atom N270 da N280, na 2008 zuwa 2009, yawanci suna tafiya da cifset 945GSE, shi ne mai kula da RAM, kuma iyakarsa gigabait 2 na DDR2. Wannan katanga ce ta ƙarfe. Samsung NC10, Eee PC 901 da 1000H, Dell Mini 9 da 10v, duk nan suke: daga 1 za su kai 2, su tsaya. Atom N450 da ya biyo baya a ƙarshen 2009 ya mayar da mai kula da RAM cikin furosesan kansa, amma iyakar ba ta motsa ba, 2 ce. Haka N455 da N475 da N550 da N570, sai dai su yawanci DDR3 suke ci. Ka sa wa ɗayan waɗannan sandar RAM mai gigabait 4, abin da aka saba gani shi ne fanka ta taso, fuska ta tsaya baƙi ƙirin.

Inda ake samun riba sosai shi ne zubin ƙarshe. Atom N2800 gigabait 4 Intel ta rubuta masa, ko da kamfanin laptop ɗin ya ce 2. Atom N2600 kuwa 2 aka rubuta masa, amma masu Acer Aspire One D270 da dama sun sa mata 4 ta tashi, Windows ya ga kimanin 3. Wannan caca ce da ake yawan ci, ba alkawari ba. Sai na AMD, wato C-50 da C-60 da E-350 da E-450 da suka fito a 2011, irin na Aspire One 522 da 722 da HP Pavilion dm1. Waɗannan ba su da rowar Atom, gigabait 4 ba ya ba su wahala, wasunsu ma sukan karɓi 8 idan Windows ɗin mai bit 64 ne.

Mataki na biyu: tabbatar akwai gurbi

Wasu mini ɗin an manne musu RAM da dalma a jikin babban allon da masu gyara ke kira bod. Dell Mini 10 mai furosesa Z520 ko Z530 haka take, gigabait 1 a manne, babu wurin ƙari. Haka ƙananan da suka zo daga baya irin su HP Stream 11 ta 2014. Idan taka cikinsu take, wuce zuwa ƙarshen rubutun nan kawai. Akwai masu gyaran da kan yi tayin ɗaga IC ɗin RAM, wato 'yan baƙaƙen ƙwayoyinsa, da iskar zafi su dasa manya. Aikin yana yiwuwa a wasu na'urori, amma yana buƙatar BIOS ya san sababbin, kuma kuɗinsa da haɗarinsa sun fi ƙarfin darajar na'urar. Ni ba na ba da shawararsa.

Wasu kuma rabi-rabi ne. Aspire One A110 da A150 na farko suna da megabait 512 a manne da gurbi ɗaya, ƙarshen tafiyarsu gigabait 1.5, kuma gurbin yana ƙarƙashin bod, sai an warware na'urar kusan gaba ɗaya. MSI Wind U100 mai gigabait 1 a manne, 1 kawai za ka ƙara mata, tunda cifset ɗin ba ya wuce 2.

Mataki na uku: zaɓen sandar RAM

Nan mutane suka fi asara, don haka bari mu daɗe a kai. RAM ɗin laptop gajere ne, ana kiransa SO-DIMM, dogon na kwamfutar tebur ba ya shiga. DDR2 yana da haƙora 200 kuma yana aiki da bolt 1.8, DDR3 yana da 204 da bolt 1.5. Tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Idan ka ga sai ka sa ƙarfi, ka tsaya, ba nasa ba ne. Tsohon DDR na farko shi ma haƙora 200 gare shi kuma yana kama da DDR2 ƙwarai, sai ka karanta takardar jikinsa.

A takardar za ka ga rubutu kamar PC2-5300 ko PC2-6400, waɗannan DDR2 ne masu saurin 667 da 800. PC3-8500 da PC3-10600 da PC3-12800 kuma DDR3 ne masu saurin 1066 da 1333 da 1600. Sanda mai sauri yawanci takan sauko ta daidaita da na'ura mai jinkiri, don haka PC2-6400 zai yi aiki a mini mai N270 duk da ita a 533 take gudu. Amma ga DDR3 na fi son a nemi 8500 ko 10600, sun fi kusa da zamanin na'urar. Mai alamar PC3L, wanda aka yi don bolt 1.35, galibi yana jure 1.5, matsalarsa ba wuta ba ce, abin da ke tafe ne.

Kusa da girman akwai wani ɗan rubutu da ba kowa ke kula da shi ba: 2Rx8, ko 1Rx8, ko 1Rx16. Wannan yana faɗin yadda aka raba girman sandar a kan baƙaƙen IC ɗin da ke jikinta. Sanda mai gigabait 4 ana iya yin ta da IC 16 ƙanana, takwas a kowane gefe, wato 2Rx8, ana kuma iya yin ta da manya guda 8, wato 1Rx8. Girma ɗaya, amma tsohon furosesa bai san manyan ba, domin an ƙera shi kafin su fito. Sau da yawa idan aka ce "na gwada, ba ta ɗauka", ba girman ne ya hana ba, irin IC ɗin ne. Dokar da zan ba ka mai sauƙi ce: ƙirga su da idonka, ka zaɓi mai 16. Ga DDR2 mai gigabait 2 ma haka, 2Rx8 ka nema. DDR3 mai gigabait 2 da ke da IC huɗu kacal, sabon zubi ne, ka bar shi.

Waɗannan sanduna yanzu kusan duk cire-cire ne daga matattun laptop, a Beirut Road ta Kano ne ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Legas. Wannan ma alheri ne, domin tsofaffin su ne masu IC 16. Ka tafi da na'urar shagon, ka yi sharaɗi tun kafin a buɗe ta: idan ba ta tashi ba, babu ciniki. Mai kaya da ya ƙi yarda da gwaji, ka ƙara gaba.

Mataki na huɗu: kafin ka taɓa sukudireba

Kwafe takardunka masu muhimmanci a filash. Canjin RAM ba ya taɓa abin da ke ajiye, amma hannu yana iya zamewa. Idan Eee PC ce, shiga BIOS da F2 ka kashe abin da ake kira Boot Booster, domin shi yana tsallake binciken farko da na'ura ke yi, kuma yakan hana ta lura da sabon RAM. Asus da kanta ta ce a kashe shi kafin canza kaya.

Maganar sabunta BIOS: wani lokaci sabon BIOS na kamfani yana gyara yadda na'ura ke karɓar RAM, amma kada ka fara da shi. Sai idan sandar da ta dace ta ƙi, kuma ka sami fayil ɗin da ya yi daidai da lambar samfurinka daga shafin kamfanin. Idan za ka yi, batir ya kasance cike, caja a jone. Tsofaffin mini da yawa batirinsu ya mutu, a kan caja kawai suke rayuwa, idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin na'urar ba za ta sake tashi ba. BIOS ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima ya sa a intanet da sunan yana buɗe gigabait 4 a kan N270 ko N450 kuwa, ka guje shi, babu rubutun da zai ƙara wa ƙarfe hanyar da ba a gina masa ba.

Mataki na biyar: buɗewa da sawa

Kashe na'urar gaba ɗaya, ba barci ba. Zare caja, cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Yi aikin a kan tebur na katako, ba a kan katifa ko darduma ba. Kafin ka kama RAM ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, kamar ƙyauren ƙarfe ko famfo. Lokacin hunturu wannan ba wasa ba ne, busasshiyar iska tana tara wutar nan da kan ɗan tsunkule ka idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata IC. Riƙe sandar ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran zinariyar.

Masu sauƙi irin su Samsung NC10 da yawancin Eee PC suna da 'yar ƙofa a ƙasa mai noti ɗaya ko biyu. Aspire One D255 da D257 da D270 sai an fara ɗaga kibod: akwai 'yan maƙalai a samansa da ake turawa da siririn abu, a ɗaga shi a hankali saboda siririyar igiyar da ke haɗe da shi, a kwance notin da ke ƙarƙashi, sannan a zura sukudireba ta wata 'yar huda a tura murfin ƙasa ya ɓalle. Idan notin suna da tsawo daban-daban, jera su a kan takarda yadda suka fito, ka kuma ɗauki hoto da waya a kowane zango. Dogon noti a gurbin gajere yana iya huda bod. Robar waɗannan na'urori ta tsufa, tana karyewa da wuri, don haka da tsohon katin waya ko na banki ake raba murfi, ba da wuƙa ba.

Da ka ga RAM ɗin, akwai 'yan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi dama da hagu. Buɗa su waje lokaci ɗaya, zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare shi. Hure ƙurar gurbin. Idan haƙoran sabuwar sandar sun dusashe, goge su a hankali da robar goge fensir, ka kakkaɓe. Daidaita tsagar da ɗan tudun da ke cikin gurbin, zura ta a karkace kamar yadda waccan ta fito, tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ta ƙasa sai ka ji ƙarafan sun kama. Kada ka mayar da noti tukuna. Jona caja ka kunna, ka shiga BIOS: F2 a Acer da Asus da Samsung da Dell, F10 a HP, Del a MSI. Duba ko girman ya fito.

Idan fuska ta tsaya baƙi ko na'urar tana kuka, kada ka firgita. Tashin farko yakan ɗan jinkirta, ba ta minti ɗaya. In shiru, kashe, zare, sake zaunar da sandar da kyau, domin rashin shiga sosai shi ne dalilin da ya fi yawa. Ta sake ƙi, mayar da tsohuwar. Idan ta tashi da tsohuwar, na'urarka lafiyarta ƙalau, sai a gwada wata sandar mai IC 16 ta wani kamfanin. Biyu ko uku masu kyau suka ƙi, ka iso katangar ƙarfe. Sanda mai girma fiye da kima ba ta ƙona komai matuƙar irin da ya dace da gurbin ce.

Mataki na shida: BIOS ya gani, Windows bai gani ba

Windows 7 Starter ba ya amfani da fiye da gigabait 2 ko nawa ka sa. Mai son cin moriyar 4 sai ya koma Home Premium ko Professional, ko Linux. Kowane Windows mai bit 32 kuma adireshin gigabait 4 kawai yake da shi, kuma sashen hoto da sauran kayan ciki suna cin wani kaso, shi ya sa ake ganin 3 ko 3 da ɗoriya. Ba cuta aka yi maka ba. A na'urorin AMD mafita ita ce a ɗora mai bit 64. A N2600 da N2800 kuwa akwai cikas: Intel ta fitar da direban hotonsu ne don Windows 7 mai bit 32 kawai, idan ka koma 64 za ka sami RAM ka rasa santsin bidiyo. Ni a wurina gara gigabait 3 da hoto mai kyau. N270 da N280 dama ba su san bit 64 ba sam.

Idan abin da ake gani ya yi ƙasa da haka sosai, buɗe msconfig, shiga Boot, sannan Advanced options, ka tabbatar ba a sa alama a Maximum memory ba. Wasu masu gyara sukan sa ta da zaton tana ƙara gudu, alhali rage RAM take yi.

Mataki na bakwai: gwaji

Tashi kaɗai ba shaida ba ce, musamman ga wanda ya wuce iyakar da Intel ta rubuta. RAM mai matsala yana iya aiki kwana biyu, sannan ya fara kawo shuɗin allo ko ya lalata fayil ba ka sani ba. Sauke Memtest86+, ka rubuta shi a filash, ka tayar da na'urar daga filash ɗin, ka bar shi ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke, in da hali ya kwana yana yi. A kan Atom yana ɗaukar lokaci. Jan layi ko ɗaya ne ya fito, mayar da sandar. Wanda ba shi da filash ya rubuta mdsched a Windows 7, gwajin da ke ciki ne, bai kai wancan zurfi ba amma ya fi babu. Ka yi wannan cikin kwanakin da kuka yi alkawari da mai kaya, kuma ka adana tsohuwar sandar a takarda, kada ka bar ta a shago a matsayin ragin kuɗi sai gwajin ya wuce.

In ka tsaya a gigabait 2

Daga 1 zuwa 2 shi ne tsallen da aka fi ji a jiki, kuma a nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Bayansa abin da ya fi taimako shi ne cire faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri, domin idan RAM ya cika Windows kan faifan yake komawa. Mini masu faifan gigabait 160 ko 250 yawanci SATA ne mai inci 2.5, kowane SSD na laptop zai shiga. Eee PC 901 da Dell Mini 9 nasu daban ne, ɗan kati ne mai wuyar samu. Manhajojin da ke cewa suna "ƙara RAM" kuwa babu abin da suke ƙarawa, wasunsu ma ƙwayar cuta suke ɗauke da ita.

Akwai kuma batun tsaro. Microsoft ta daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, don haka shiga banki da su ganganci ne. Linux mara nauyi irin antiX yana tashi da ƙasa da rabin gigabait, yana kuma da zubin bit 32 don N270. A cikinsa ka kunna zram, wanda ke matse abin da ke cikin RAM maimakon jefa shi kan faifai. Furosesan yana ɗan ƙara aiki, amma a na'ura mai gigabait 2 za ka iya buɗe shafuka da yawa kafin ta fara ja da baya.